Ƙasa Ta Shiga Rumfa

Tun daga lungun bayan gidan su Auta, Dogo ya san ba lafiya. Auta dai ta kira shi a waya ta ce ya zo, ta kashe tun bai tambayi dalili ba. Wari ne ya fara tarbar sa, irin na tsumman da aka manta a cikin bokiti, kuma rumfar su Auta ba ta taɓa yin wari ba.

Rumfar ita ce abincin gidan. Doguwa ce, an lulluɓe ta da raga da farar leda. Cikinta fararen bututai ne jere hawa-hawa, an huda kowanne, kowace huda da tushen latas a zaune. Babu ƙasa a ciki ko ta magani. Ruwa ne mai haɗin taki yake tasowa daga tanki, inji ya tura shi ya bi ta ƙarƙashin saiwoyi, ya zagayo ya koma inda ya fito. Injin ba ya hutawa. Wanda ya saba da gidan har ya daina jin gurnaninsa.

Da Baba ya ajiye aiki, a nan ya zuba duk abin da ya tara, mutane na yi masa dariya wai zai yi noma a cikin famfo. Da latas ya fara fita, manya-manya, ba yashi ba tsutsa, sai dariyar ta koma tambaya. Yaya ne ke kai kaya kantuna da otal-otal. Mama ke tsincewa tana jerawa a kwali. Haɗa ruwan kuwa, wanda shi ne ran abin, a hannun Auta yake. Ita kaɗai ce za ta kalli ganye ta ce yau ruwan nan ya yi ƙarfi, ko ta ce yana neman ƙari.

Dokar rumfar guda ce, kuma Auta ce ta kafa ta: ƙasa ba ta shiga. A bakin ƙofa akwai daro na ruwan magani da takalman roba a jere. Mai shiga ya cire nasa, ya sa na rumfa, ya tsoma ƙafa a daron, ya wanke hannu har gwiwa. Takalmin rumfa kuma ba ya taka waje. Ta taɓa mayar da Baba kansa daga bakin ƙofa, ya koma yana murmushi yana gaya wa Mama wai uwarsa ta koro shi, don Uwata yake kiranta.

Dogo kuwa ɗan mai dashe ne. A bakin titi suke sayar da furanni da ƙananan itatuwa a cikin leda, shi da mahaifinsa. Komai wankin da ya yi, ƙarƙashin farcensa ba ya rabuwa da baƙi. Don haka bai taɓa tsallake daron nan ba. Duk zancen da suka yi da Auta, raga na tsakaninsu, ita tana ciki tana aiki, shi yana waje a kan wani bulo. Yaya har ya raɗa wa bulon suna kujerar suruki, kuma duk sanda ya zo wucewa sai ya ce, mai furanni, don Allah ko atishawa za ka yi ka juya mana baya.

Baba bai ce a'a ba, bai kuma ce e ba. Cewa ya yi a bari wannan shukar ta fita tukuna, sannan Dogo ya turo manyansa a zauna. Kowa a gidan ya san abin da ya sa yake jan ƙafa. Mai Kanti, wanda ke ɗaukar mafi yawan latas ɗinsu, ya daina aiko direba, ya koma zuwa da kansa. Ya yi wa Baba maganar rumfa ta biyu da ɗakin sanyi, ya kuma yi masa maganar Auta, duk a zama ɗaya. Ba mugu ba ne. Abin da ya fi ci wa Dogo rai ke nan. Da mugu ne, da ya san yadda zai tsane shi.

Da Dogo ya iso, Auta na tsaye can cikin rumfar ta juya masa baya. Ya yi sallama. Ta zo har bakin ƙofa riƙe da tushen latas ɗaya, ta ɗaga masa shi.

Ganyen ya yi laushi ya sunkuyar da kai. Saiwar da ya saba gani fara tas kamar sabon zare ta yi duhu, tana yauƙi. Da ta ɗan ja ta da yatsu biyu sai ta saɓule ta biyo hannunta.

Ya tambaya ko layi ɗaya ne. Ta girgiza kai. Ruwan guda ne, ta ce, abin da ya shiga tanki ya shiga ko'ina. Jiya layin ƙasa ne, yau da safe har na sama.

Ya ce ko zafin kwanakin nan ne. Ya ce ko injin ne ya tsaya ba su lura ba. Yana ta kawo dalilai kamar mai neman wanda za a ɗora wa, ita kuwa tana kallonsa da idanun da suka kumbura.

"Ba zafi ba ne, Dogo. Ni ce."

Ta koma ciki, ta durƙusa ƙarƙashin teburin da ake renon iri, ta janye wani buhu. Tun kafin ta ƙaraso ya gane abin da ta rungumo.

Gwangwanin madara ne, babba, ya fara tsatsa. Ɗan itacen lemun tsami ne a ciki, wanda ya shuka da hannunsa, ya ba ta ranar da ta ce masa ta yarda. Ya ce mata ta raine shi, ranar da suka samu tsakar gidansu sai su dasa. Shi ya huda gindin gwangwanin da ƙusa don ruwa ya riƙa fita.

A tsaye ta ba shi labarin. A tagar ɗakinta ta ajiye shi, rana ba ta kaiwa can, ganyensa ya fara rawaya yana zubewa. Ta ji tsoron ya mutu. A gidan duka babu inda ya kai rumfa haske. Ta ce a ranta kwana biyu kawai, ya farfaɗo ta fitar. Ta shigo da shi a ƙarƙashin mayafi, ta ɗora a kan murfin tanki, bayan jarkokin taki inda ba mai leƙawa. Kullum tana ba shi ruwa. Murfin yana da tsaga a gefe. Ta san da ita, ita ce ma ta riƙa yi wa Yaya ƙorafi ya liƙe. Kwana biyun suka zama makonni.

"Ni da nake sa Baba wanke hannu," ta ce. "Ni da na hana ka shigowa, na bar ka kana zama a kan bulo rana na dukanka. Na ɗauko ƙasa da hannuna na ɗora a kan ruwanmu."

Dogo ya kalli lemon. Ya yi sabon toho, kore shar. A duk rumfar shi kaɗai ne mai lafiya.

Ya tambaya wa ya sani. Yaya ne kawai. Shi ya gano shi da safe, ya zage ta iya son ransa a hankali don kada Mama ta ji, sannan ya ce ta jefa shi bayan katanga tun kafin Baba ya dawo, a bar maganar a kan zafi. Baba ya fita da saiwoyi a leda, zai nuna wa mai sayar musu da iri.

"Na ɗauka zan jefa," ta ce. "Na kai har bakin katanga. Na kasa."

"Ai da kin jefa. Gwangwani ne, Auta. Zan shuka miki wani."

"Wani ba shi ba ne."

Ta share fuska da bayan hannu, wasu hawayen suka biyo.

"Ka san me Baba yake cewa tun safe? Wai shi ne. Wai shi ya wanke tankin a karon da ya wuce, ƙila bai ɗauraye da kyau ba. Wai tsufa ya fara kama shi, bai dace da aikin nan ba. Ko ruwa bai sha ba ya fita. Ina tsaye ina jinsa, na kasa buɗe baki."

"Idan ya sani, mun rabu," in ji Dogo.

"Na sani."

"To me kike so in yi?"

"Ban sani ba, Dogo. Wallahi ban sani ba. Idan na yi shiru, na bar mahaifina yana zargin kansa. Idan na faɗa, na rasa ka. Tun asuba nake juya maganar nan, duk inda na juya ta kai ne a gefe ɗaya, shi a gefe ɗaya."

Bai iya lallashi ba. Bai taɓa iyawa ba. Ya dai matso har ƙafarsa ta kusa taɓa daron, kusancin da bai taɓa yi ba.

"Ka tafi da shi," ta ce. "Ka ajiye mini. Sauran maganar ka bar ni da ita."

Ta miƙo gwangwanin ta saman daron. Ya sa hannu biyu ya tallafi gindinsa. Ƙasar a jiƙe take; ko yau ma ta ba shi ruwa. Ba ta saki ba, shi ma bai ja ba.

A haka Baba ya same su.

Ya shigo ta ƙofar cikin gida, ledar saiwoyin na hannunsa, Yaya na biye da shi yana ta magana da ƙarfi fiye da yadda ya saba, da alama don su ji tahowarsu. Ba su ji ba. Baba ya tsaya. Ya kalli gwangwanin, ya kalli ruwan da ke ɗigowa daga gindinsa baƙi-baƙi cikin daron, ya kalli 'yarsa. Mai irin ya riga ya gaya masa cewa cutar nan ta ƙasa ce, ya je ya bincika ta ina ƙasa ta shiga. Shi kuma ya rantse masa cewa a rumfarsu hakan ba ta yiwuwa.

Mama ta fito daga ɗakin girki tana goge hannu, ta ga fuskokinsu, ta tsaya a inda take.

Dogo bai yi tunani ba. Ya janye gwangwanin ya rungume, ya durƙusa.

"Ni na shigo da shi, Baba. Ba ta sani ba. Yanzu ta gano shi take mayar mini."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya tambaye shi yaushe ya shiga. Dogo ya ce wata rana da ba kowa. Ya tambaye shi ta ina. Dogo ya ce ta ƙofa.

"Mabuɗin rumfar nan ɗaya ne," in ji Baba. "Ga shi can a wuyanta."

Injin na ta gurnaninsa.

Auta ta zube a kan gwiwoyinta daga cikin ƙofar, ta faɗi komai, tun daga tagar ɗakinta har zuwa tsagar murfin. Ba ta rage ba, ba ta kuma ambaci Yaya ba. Tana maganar tana kuka, tana cewa Baba ba kai ba ne, ba wankin tankinka ba ne, ni ce. Baba bai kalle ta ba. Dogo yake kallo.

"Tashi, yaro. Ba a durƙusa mini da ƙarya a baki."

Dogo ya miƙe.

"Latas zai sake fitowa," in ji Baba, a hankali, kamar mai magana da kansa. "Za mu tumɓuke duka, mu wanke bututun nan ɗaya bayan ɗaya, mu sake daga iri. Zan sha wuya, amma ba a kan haka zan raba mutum da mutum ba. Kuskure ne, kuma ba naka ba ne." Ya ajiye ledar a ƙasa. "Ranar da mutumin can ya zo mini da maganar rumfa da ɗakin sanyi, mamanta ta ce me nake jira. Na ce mata yaron da ke zama a kan bulon nan ba shi da komai, amma bai taɓa yi mini ƙarya ba. Abin da na riƙe maka ke nan. Shi kaɗai. Yau ka zo ka karɓe shi da hannunka."

"Baba, don ni ya yi," in ji Auta.

"Na san don ke ya yi. Gobe ma don ke zai yi. Ranar da za ki kwanta ba lafiya a gidansa, in tambaye shi, zai ce mini kina lafiya don kada hankalina ya tashi."

Dogo ya so ya yi magana. Ya buɗe baki, ya tarar babu abin da zai faɗa wanda Baba zai sake yarda da shi.

Mama ce ta matso. Ta tsaya a bakin daron, ta sunkuya wajen 'yarta, tana magana ƙasa-ƙasa, amma kowa na ji. Ta ce Mai Kanti ya kira tun ɗazu, ya ji labari, yana hanya. Ya ce ba zai koma wajen kowa ba, zai jira su har sabuwar shuka ta fito. Ya ce iri da magani duk a kansa.

"Bai nemi komai ba sai abin da kika sani," ta ce, ita ma tana hawaye. "Ki dubi babanki, Auta. Ki dubi furfurarsa. Otal-otal ba za su jira mu ba, gobe za su samu wani. Mutumin nan shi ne rufin asirin da ya rage mana. Ba dole muke yi miki ba, ba wanda zai yi miki dole a gidan nan. Amma ke kika jawo, ke za ki iya gyarawa."

Auta ba ta ɗago ba.

Baba ya nuna ƙofar lungu da haɓa.

"Ɗauki itacenka ka tafi. Kada ka turo kowa."

Dogo ya juya. Ya wuce bulon. Gwangwanin bai taɓa yi masa nauyi haka ba. Ruwansa ya jiƙa masa gaban riga, yana jin sanyinsa har ƙirji.

Yana isa bakin ƙofar lungun wata farar mota ta tsaya. Mai Kanti ya fito, ya buɗe baya, ga jarkokin magani da kwalayen iri. Ya ga Dogo, ya ga idanunsa, ya yi masa sallama da girmamawa, har ya matsa gefe ya ba shi hanya. Dogo ya amsa da ƙyar.

Sai ya ji taku a bayansa.

Ba takun silifa ba ne. Taku ne mai nauyi, na roba a kan tsakuwa, irin wanda tsakar gidan nan bai taɓa ji ba.

"Auta, takalmin," in ji Yaya.

Ba ta tsaya ba.

"Ke," in ji Baba. Ke kawai ya ce, ba Uwata ba.

Ta ratsa tsakar gidan da takalmin rumfa a ƙafarta, ƙasa na mannewa a jiƙaƙƙen gindinsa, tana barin sawu tun daga daron har bakin ƙofa. Ta zo gaban Dogo, ta sa hannu ta karɓe gwangwanin.

"Ni ka ba wa," ta ce.

Ta juya wajen Mai Kanti, ta russuna ta gaishe shi yadda ta saba. Ta yi masa godiya a kan zuwan da ya yi da kayan da ya kawo, ta ce ba su taɓa ganin komai daga gare shi ba sai alheri.

"Laifin nawa ne, ranka ya daɗe. Ni zan wanke shi, bututu bayan bututu, ko fatar hannuna za ta saɓule. Amma ba da aure zan biya ba. Gara ka ji yanzu, tun kafin ka sauke kayan nan."

Mai Kanti ya tsaya da hannunsa a kan murfin motar. Bai sauke ba, bai kuma rufe ba.

Ta dubi Dogo. Idanunta sun bushe.

"Ka gaya wa manyanka su zo."

"Baba zai kore su."

"Su zo ya kore su. Su sake dawowa. Kai kuma duk abin da ya tambaye ka, ka faɗa masa gaskiya, ko ni za ta kashe."

Baba ya taho a hankali har inda suke. Bai ɗaga murya ba. Ya miƙa mata tafin hannu kawai. Ta gane. Ta tallafi gwangwanin da hannu ɗaya, ta zare igiyar daga wuyanta, ta ɗora masa mabuɗin.

Ya juya ya miƙa wa Yaya. Yaya ya riƙe shi da yatsu biyu kamar ya ɗauko garwashi. Ya fara cewa, Baba, ni fa ban san haɗin ruwan ba. Baba ya wuce shi.

Dogo na kallonsa daga bakin lungu. Tsohon ya tsaya a ƙofar rumfar, ya cire takalminsa, ya sa na roba. Ya kalli daron da ruwan gwangwanin ya ɓata, ya zubar, ya zuba sabo, ya tsoma ƙafa. Ya wanke hannu har gwiwa, kamar yadda 'yarsa ta koya masa, duk da babu sauran abin da za a tsare a ciki. Sannan ya shiga. Ta cikin ragar ana hango inuwarsa yana tafiya tsakanin layukan da suka sunkuya, har can ƙarshe inda tankin yake.

Gurnanin injin ya yanke.

Dogo bai taɓa jin gidan nan a haka ba. Ruwan da ya rage a bututai ya gangara, ya ɗiga, ya ɗiga, ya tsaya. A cikin shirun, abin da ya rage yana ji shi ne numfashin Auta a gefensa, tana rungume da itacen, ƙafafunta biyu a kan ƙasa.